Angwila: Kifin da ake haifa a teku ya girma a kogi, da abin da mutanen tsibirai suka sani game da shi

A ƙauyen Faie da ke tsibirin Huahine, can tsakiyar Tekun Fasifik, akwai wani ɗan rafi da ya ratsa gari, cike da wasu dogayen kifaye masu siffar maciji. Ba mai kama su, ba mai cin su, ciyar da su ma ake yi. A tsibirin Mitiaro da ke yamma da can kuwa, ɗan'uwan wannan kifi shi ne abincin alfarma da ake tarbar baƙo da shi. A bakin kogin Cagayan na ƙasar Filifin kuma, jariransa ake tacewa cikin dare, a auna a sikeli, a sayar wa dillalan da ke kai wa masu kiwon kifi.

Sunan da masana kimiyya suka ba dangin wannan kifi shi ne Anguilla, wanda za mu riƙa rubutawa angwila. Rabin rayuwarsa yana yin ta ne a zurfin teku, inda sai manyan jiragen bincike ke iya bin sawunsa. Ɗaya rabin kuma a koguna da tafkuna da fadamu yake yin sa, a gaban idon mutanen ƙauye. A tsibiran yankin zafi, abin da aka sani game da wannan rabi na biyu mafi yawansa yana cikin kawunan masunta da dattawa ne, cikin sunayen da suka raɗa masa, da lokutan da suka ƙayyade na kamunsa, da dokokin da suka gindaya a kansa. Yau kasuwar duniya da madatsun ruwa sun taso wa wannan tsari.

Wane irin kifi ne?

Angwila dogo ne, mulmulalle, mai santsin jiki. Ƙayar bayansa da ta wutsiyarsa da ta ƙasan cikinsa a haɗe suke kamar gezar tabarma. Yana da ɓawo, amma ƙanana ne ƙwarai, a nutse cikin fata, har mai kallo ya ɗauka ba shi da shi. Yana iya shaƙar iska ta fatarsa muddin tana da laima, shi ya sa yakan fita daga ruwa cikin daren da aka yi ruwan sama, ya ja ciki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa zuwa wani kududdufi. Ɗanyen jininsa na da guba, amma wuta na kashe ta, don haka ba a cin sa sai an dafa ko an gasa.

Masana sun ƙidaya iri 19 na angwila, manya da rassansu, kuma mafi yawansu a yankunan zafi na Tekun Indiya da Tekun Fasifik suke. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne Anguilla marmorata, mai dabbare-dabbaren jiki, wanda ake samu tun daga gaɓar Gabashin Afirka har tsibiran Folinesiya. Tsawonsa kan kai mita biyu, nauyinsa kuma ya kai kimanin kilo 20.

Mai karatu da bai taɓa ganin wannan kifi a kasuwar Yawuri ko Baga ba, ba laifinsa ba ne. Babu angwila a kogin Kwara ko Binuwai ko Tafkin Chadi, domin igiyoyin teku ba sa kawo jariransa gaɓar Afirka ta Yamma. Wanda ya fi kama da shi a ido a ruwayenmu shi ne gaiwa, sai dai ba dangin juna ba ne. Gaiwa a fadama take haihuwa, ta kuma shige laka ta yi kwanan rani. Angwila kuwa ba ya haihuwa a ruwan daɗi ko kusa.

Rayuwa a ruwa biyu

Tun zamanin da ake mamakin inda wannan kifi ke fitowa, saboda ba a taɓa kama shi da ƙwai a kogi ba. Masanin Girka Aristotle ya ɗauka daga laka yake tsirowa. Sai a ƙarni na 20 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Johannes Schmidt, ya shafe kusan shekara 20 yana bin jariransa a Tekun Atlantika, daga manya zuwa ƙanana, har ya gano a farkon shekarun 1920 cewa angwilar Turai a Tekun Sargasso ake ƙyanƙyashe ta, tazarar fiye da kilomita 5,000 daga kogunan da take girma. A 1991 tawagar Katsumi Tsukamoto ta gano mahaifar angwilar Japan a yamma da tsibiran Mariana, a 2009 kuma aka samo ƙwayayenta a can. Har yau ɗan Adam bai taɓa ganin angwila na zuba ƙwai a teku da idonsa ba.

Idan ƙwan ya fashe, abin da ke fitowa ba ya kama da uwarsa ko kaɗan. Wani siririn abu ne mai faɗi kamar ganye, garau kamar ruwa, wanda igiyar teku ke kwasa ta yi ta tafiya da shi. A yankunan zafi wannan tafiya ta 'yan watanni ce. Da ya kusanci gaɓa sai jikinsa ya murɗe ya koma kamar zare, tsawonsa kimanin santimita biyar, har yanzu ana hangen ƙashin bayansa ta cikin jiki. A wannan mataki ne 'yan kasuwa ke kiransa ɗan gilashi. Daga nan ya shiga bakin kogi, jikinsa ya yi duhu, ya kama hanya ya yi sama.

A kogi yakan zauna shekaru masu yawa, wani ya haura goma, yana ɓuya a ramuka da ƙarƙashin duwatsu da rana, yana farautar jatan lande da ƙaguwa da ƙananan kifaye da dare. Idan lokacin haihuwa ya yi, sai kamanninsa su sake juyawa. Idanunsa su ƙara girma, cikinsa ya yi fari kamar azurfa, ya daina cin abinci, hanjinsa ya shanye. Sai ya gangara teku da kitsen da ya tara, ya je ya zuba ƙwai sau ɗaya tak, ya mutu a can.

Wannan tsari na da ma'ana babba ga duk mai son fahimtar sana'ar kamunsa. Kowane angwila da aka kama a kogi, ƙarami ko babba, bai taɓa haihuwa ba. Sannan jariran da ke shiga kogin wani tsibiri ba lallai ne 'ya'yan iyayen da suka fita daga wannan kogi ba. Tsibirai da yawa daga rumbu ɗaya suke ɗiba.

Ilimin da ke cikin sunaye

Hanya mafi sauƙi ta gane zurfin sanin da al'umma ta yi wa wata halitta ita ce a dubi sunayen da ta ba ta. A Samowa da Tonga da tsibiran Cook ana kiran angwila tuna, sunan da ba shi da alaƙa da kifin gwangwanin nan da ake sayarwa a kantuna. A Fiji duna ake ce masa, a Madagaska amalona, a Haiti zangi. A Indunusiya sunansa na gama-gari sidat, amma mutanen Sulawesi na cewa sogili ko masapi, na Ambon kuma morea. A Filifin akwai igat da kasili. Mutanen Samowa sun bambanta tuna na ruwan daɗi da pusi, wato wani mai kama da shi da ke zaune a duwatsun teku, haka su ma mutanen Fiji sun raba duna da dabea.

Misali mafi ban sha'awa shi ne na Tahiti. A can sunan kifin puhi, amma an kasa shi gida uku. Akwai puhi vari, wato na laka, da puhi mau'a, wato na kan dutse, da puhi pa'a, mai dabbare-dabbare. Da masana suka bi kogunan tsibiran suna auna kifin da ƙirga ƙasusuwansa, sai suka tarar iri uku ne daidai. Anguilla obscura shi ke zaune a fadamu da kwantaccen ruwa kusa da gaɓa. Anguilla megastoma shi ke hawa can sama inda ruwa ke da sanyi da gudu. Anguilla marmorata kuma shi ya mamaye tsakanin nan. Ke nan sunan da masunci ya gada daga kakansa ya riga ya faɗa masa irin kifin da kuma inda zai neme shi.

Sanin lokaci

Abu na biyu da masunta suka ƙware a kai shi ne lokaci. Sun san jariran angwila ba sa shiga kogi da farin wata. Cikin duhun wata suke zuwa, a daren da teku ke cikowa da ƙarfi tana tura ruwa cikin bakin kogi, domin ƙarfinsu bai kai su yi iyo su karya gudun ruwa ba. Binciken da aka yi a bakin kogunan Indunusiya da Filifin ya tabbatar da haka.

A Palabuhanratu da ke kudancin tsibirin Java akwai wata al'ada da ake kira nyalawean, daga kalmar da ke nufin 25 a harshen yankin. Mutane kan fita bakin koguna wajajen 25 ga watan Hijiriyya da rariya da fitilu, su tace ƙananan kifayen da suke kira impun, waɗanda jariran angwila na cikinsu. Duk wanda ya san lissafin watan Musulunci ya san ranar 25 farkon duhun wata ne. Kalandar addini ta zama kalandar su.

Manyan da ke komawa teku su ma da lokacinsu. Masunta na jiransu a daren da aka tafka ruwan sama, kogi ya cika ya yi jawur, sama ta yi duhu. A irin wannan dare ne kifin da ya shekara goma a rami ɗaya ke sakin raminsa ya bi ambaliya. Masunci na gane mai shirin tafiya da girman ido da farin ciki da yawan kitse, kuma shi ne ya fi daraja a tukunya.

Dabarun kamu

Kayan kamun angwila a tsibirai kusan duka daga daji ake samo su. Mafi yaɗuwa shi ne tarkon kwando da ake saƙawa da gora ko igiyar daji, dogo, mai baki kamar mazurari, wanda kifi ke shiga amma ya kasa fita. A Madagaska vovo ake kiran irin wannan tarko. Akan sa masa koto, a nutsar da shi da yamma, a ɗauke da asuba.

Akwai masu bin rafi da dare da fitila ko jiniyar busasshen ganyen kwakwa, riƙe da mashi ko adda, su sari kifin idan ya fito kiwo. Akwai masu kafa ƙugiya da tana ko ɗan kifi a bakin rami. Akwai masu lalube da hannu a laka da cikin gonakin gwaza, aikin da ke bukatar ƙwarewa saboda santsin kifin da kaifin haƙoransa. A da wasu al'ummomi kan daka saiwa ko 'ya'yan wasu itatuwa masu sa kifi maye su zuba a kwantaccen ruwa, dabarar da hukumomi a ƙasashe da dama suka hana yanzu saboda ba ta bambanta babba da ƙarami.

A Mitiaro, ɗaya daga tsibiran Cook, akwai tafkuna biyu, Rotonui da Rotoiti, inda ake kama angwilar da suke kira itiki. Akan naɗe shi da ganye a gasa a ramin da aka zuba zafafan duwatsu. Tafkunan ba su da kogin da ke fita teku a fili, kuma masana na ganin ta kogunan dutse na ƙarƙashin ƙasa kifin ke shiga da fita.

Inda ba a taɓa shi

Kamar yadda wasu ke ganin angwila abinci, wasu na ganinsa ɗan'uwa ko kaka. A tsibirin Pohnpei na Maikuronesiya akwai wata zuriya mai suna Lasialap da ke danganta asalinta da wannan kifi, wanda suke kira kemisik, kuma al'adar tsibirin ta hana cin sa. A ɗan tsibirin Tikopia na ƙasar Solomon, masanin al'adu Raymond Firth, wanda ya zauna da su a 1928 zuwa 1929, ya rubuta cewa angwila na da alaƙa da abin bautar gidan sarautar Tafua, gidan da ke kula da sha'anin kwakwa, kuma mutanen tsibirin ba sa cin sa.

Wannan alaƙa tsakanin angwila da kwakwa ta bazu a Folinesiya. A Samowa akwai almarar wata yarinya mai suna Sina da ta reni ɗan angwila har ya girma ya ƙallafa rai a kanta. Ta gudu, ya bi ta daga wannan tafki zuwa wancan. Da ajalinsa ya zo, sai ya roƙi a binne kansa a ƙasa, daga nan bishiyar kwakwa ta farko ta tsiro. Masu ba da labarin kan nuna tabo ukun nan da ke kan ƙwallon kwakwa su ce ga idanunsa biyu da bakinsa. Har yau akwai wani idon ruwa mai suna Mata o le Alelo a ƙauyen Matavai na tsibirin Savai'i da ake dangantawa da wannan almara.

A tsibirin Ambon na Indunusiya, ƙauyen Waai mai rinjayen Kirista da ƙauyen Larike mai rinjayen Musulmi duka suna da ruwan da aka hana kama morea a cikinsa. A Waai akan fasa ɗanyen ƙwan kaza a ruwa, manyan kifayen su fito daga ƙarƙashin duwatsu su sha a hannun mai kula da su, baƙi na kallo.

Irin wannan hani na da sunaye daban-daban. A Tonga da Fiji tapu ko tabu ne, kalmar da Kyaftin James Cook ya ji a Tonga a 1777, ta shiga harsunan Turai daga nan. A Tahiti da tsibiran Cook akwai rahui ko ra'ui, inda shugabanni kan rufe wani yanki na ruwa na ɗan lokaci. A yankin Maluku sasi ake ce masa, a Madagaska kuma fady. Waɗanda suka kafa waɗannan dokoki dalilansu na imani da zumunci ne. Amma a wajen masanin halittu sakamakon a bayyane yake. Manyan angwila galibinsu mata ne, kuma babbar mace ɗaya na ɗauke da miliyoyin ƙwai. Duk rafin da aka hana taɓa shi ya zama ma'ajiyar iyaye mata, wadda tsibiran da ke cin kifin su ma suke amfana da ita.

Darasin Tafkin Poso

Wurin da ya fi nuna yadda wannan ilimi ke aiki, da yadda yake iya rushewa, shi ne Tafkin Poso da ke tsakiyar tsibirin Sulawesi. Yana cikin manyan tafkunan Indunusiya, zurfinsa ya kai kimanin mita 450, kuma kogi ɗaya ne ke fitar da ruwansa, daga garin Tentena zuwa Mashigin Tomini. Duk angwilar da ta girma a tafkin, ta wannan ƙofa ɗaya za ta fita.

Al'ummar Pamona da ke zaune a wurin sun daɗe da gane haka. Sukan kafa wani shingen gora a cikin kogin, mai buɗaɗɗen baki ta wajen tafki, yana tsukewa har ya ƙare a tarko, da 'yar bukka a kansa inda mai gadi ke kwana. Sunansa waya masapi, wato shingen angwila. Aikin gina shi ya fi ƙarfin mutum ɗaya, don haka iyalai kan haɗa hannu su gina, su kuma raba amfaninsa. Kamun ya fi albarka a watannin damina, lokacin da manyan ke gangarowa. Masana daga Indunusiya da Japan da suka yi nazarin hijirar angwila a Poso da kifin waɗannan shingaye suka yi aiki. Binciken teku kuma ya nuna cewa wani iri, Anguilla celebesensis, a cikin Mashigin Tomini ɗin nan yake haihuwa, tafiyar da ba ta kai ko kusa da ta angwilar Turai ba.

A watan Fabrairun 2022 Shugaba Joko Widodo ya ƙaddamar da tashar lantarki mai ƙarfin megawat 515 a kan kogin Poso. Lantarki abu ne da Sulawesi ke bukata, ba mai musun haka. Sai dai madatsa na tare jariran da ke hawowa, injinan da ke juyawa kuma na iya sassara manyan da ke gangarowa. Yashe bakin tafkin da aka yi domin aikin ya shafi wuraren da ake kafa shingayen, abin da ya sa mazauna yankin suka yi ta ƙorafi. Idan shinge ya tashi, abin da ake asara ya wuce kuɗin kifi. Yaron da bai taɓa kwana a bukkar waya masapi ba, babu inda zai koyi karanta ruwa da wata kamar yadda ubansa ya koya.

Inda masunta da masana suka haɗu

A tsibirin Gaua na ƙasar Vanuatu akwai Tafkin Letas, mafi girma a ƙasar, wanda ya kewaye wani dutse mai aman wuta da ake kira Garet. Ruwansa na zubowa ta mafaɗar Siri mai tsawon kimanin mita 120 kafin ya kama hanyar teku. Duk da wannan tsayi, tafkin cike yake da manyan angwila. Jariran kan bi jiƙaƙƙun duwatsu da gansakuka na gefen mafaɗar su hau, manyan kuma su biyo ruwa su faɗo.

A farkon shekarun 2010 wata tawaga ƙarƙashin Robert Schabetsberger na Jami'ar Salzburg da ke Ostiriya ta je Gaua domin gano inda angwilar Kudancin Fasifik ke haihuwa. Suna da na'urorin da ake maƙala wa kifi, waɗanda ke ɓallewa bayan wani lokaci su taso saman ruwa su aika bayani ta tauraron ɗan Adam. Abin da ba su da shi shi ne kifin da za su maƙala wa, domin sai mai shirin tafiya ake bukata, kuma ba ya fitowa sai a darensa. Mutanen tsibirin ne suka kamo musu. Na'urorin sun nuna kifin na yin ɗaruruwan kilomita a teku, yana nutsawa zurfin ɗaruruwan mita da rana, ya taso sama-sama da dare. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na'ura ta ba da labarin teku, amma sai da masunci ya nuna ƙofar shiga.

Har yanzu ana gano sababbin abubuwa a wannan fage. A 2009 ne aka bayyana wani iri da kimiyya ba ta san da shi ba, Anguilla luzonensis, daga arewacin tsibirin Luzon na Filifin.

Kasuwar da ta sauya lissafi

A Japan gasasshen angwila da ake kira kabayaki abinci ne mai daraja, har da ranar da aka ware a tsakiyar bazara domin cin sa. Mafi yawan abin da ake ci na kiwo ne, daga gonakin kifi na Sin da Japan da Taiwan da Koriya ta Kudu. Matsalar ita ce kiwon bai tsaya da ƙafarsa ba. A 2010 masu bincike a Japan sun yi nasarar hayayyafar da angwila a ɗakin gwaji tun daga ƙwai har zuwa jikoki, amma tsadar aikin ta hana shi zama na kasuwa. Saboda haka masu kiwo sun dogara ne ga jariran da ake tacewa a bakin koguna. Kilo ɗaya na ɗauke da dubban jarirai.

Da angwilar Turai ta yi ƙaranci, an sa ta a 2007 cikin jerin halittun da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu, dokar ta fara aiki a 2009, sannan a ƙarshen 2010 Tarayyar Turai ta hana fitar da ita. A 2014 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa angwilar Japan da ta Amurka cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Sai dillalai suka juya zuwa yankunan zafi, wato Filifin da Indunusiya da Madagaska, da Haiti da Jamhuriyar Dominika a yankin Karibiyan. Kifin da a da ake kamawa don miya ya zama hajar da ake biya da dala.

Gwamnatoci sun yi ƙoƙarin taka birki. A 2012 Filifin ta hana fitar da jariran da ba su wuce santimita 15 ba, Indunusiya kuma ta hana fitar da wanda bai kai giram 150 ba. Sai dai sa ido a ƙasa mai dubban tsibirai ba ƙaramin aiki ba ne, ga shi jariran iri daban-daban kama ɗaya suke a ido, jami'in kwastan ba zai iya bambanta su ba sai da gwajin ƙwayar halitta. A ƙarshen 2025 taron ƙasashen CITES da aka yi a Samarkand ta Uzbekistan ya ƙi amincewa da shawarar Tarayyar Turai ta a sa dukkan irin angwila cikin jerin.

Abin da ke kan sikeli

A jerin IUCN, Anguilla megastoma da Anguilla obscura, wato puhi na kan dutse da puhi na laka, suna rukunin halittun da bayanan da aka tara ba su isa a yanke hukunci a kansu ba. Ƙananan ƙasashen tsibirai ba su da kuɗin ajiye ma'aikata a bakin kowane rafi suna ƙidaya. Wanda zai iya cewa bana jarirai sun zo da yawa ko sun yi ƙaranci, ko girman kifin da ake kamawa ya ragu a kan na shekara 30 da suka wuce, shi ne mutumin da ya tsufa yana ɗaga tarko a wannan ruwa.

Ilimin masunta na da iyakarsa. Yana ƙarewa a inda kogi ya haɗu da teku, kuma dokar ƙauye ba ta da iko a kan madatsar da aka gina a sama ko dillalin da ya zo daga birni. Dattijon da ya rufe rafinsa ba shi da tabbacin maƙwabcinsa na wani tsibiri zai rufe nasa, alhali daga rumbu ɗaya suke ɗiba. Shi ya sa kiyaye wannan kifi ke bukatar abubuwa uku su tafi tare: hanyar wucewa a kowace madatsa, ƙa'idar ciniki da ƙasashe za su mutunta, da kuma barin ikon rufe ruwa da buɗe shi a hannun waɗanda suka san darensa. A Faie da Waai da Pohnpei, inda aka bar wannan iko a hannun jama'a, manyan angwila na nan suna yawo a ruwan da bai kai gwiwa ba.